Yadda ake nemo kayan gyaran tsohon injin kwale-kwale idan sun yi wuya a kasuwa

Yawancin masu son tayar da tsohon injin kwale-kwale tun a bakin shago suke yin asara. Mutum zai je ya ce a ba shi fistin ko robar fanfon ruwa ta "Yamaha arba'in", a miƙo masa, ya biya, ya hau mota ya koma Yawuri ko Lakwaja, sai bakanike ya gwada ya ce ba ta shiga. Ai Yamaha mai ƙarfin doki 40 ba iri ɗaya ba ce. Akwai E40G, akwai E40J, akwai E40X, ga kuma masu shan kananzir da sunansu ke farawa da EK. Daga nesa kamanninsu ɗaya, amma cikinsu ya bambanta. Saboda haka kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka san ainihin injin da ke gabanka.

Fara da allon lamba. Ƙaramin farantin ƙarfe ne da ke manne a jikin maƙalar da ke kama katakon bayan jirgi. Ka wanke shi da kananzir da tsumma. Kada ka kuskura ka goge shi da sanfefa, na sha ganin an kankare lambar gaba ɗaya wajen neman a karanta ta. Idan ta dushe, haska tocila daga gefe, rubutun zai fito. Ka ɗauki hoto, ka kuma rubuta a takarda, domin waya tana iya mutuwa a tsakiyar kasuwa.

A jikin Yamaha za ka ga sunan samfuri, kamar E40XMHL. Harafin ƙarshe yana da muhimmanci: L doguwar ƙafa ce, S gajera, kuma sandar da ke juya giya ta ɗaya ba ta shiga ɗaya. Bayan sunan akwai wata lamba mai haruffa uku, ita ce mabuɗin komai. Ta E40X ita ce 66T, ta Yamaha 15F kuma 63V. Lambar yawancin kayan gyara na Yamaha da irin waɗannan haruffa uku take farawa, sai lambobi biyar da ke nuna ko wane kaya ne, sai biyun ƙarshe da ke canjawa idan kamfani ya sabunta kayan. Robar fanfon ruwan 15F, misali, 63V-44352-01 ce. Wannan 44352 ɗin robar fanfo take nufi a injunan Yamaha da yawa. Sai dai ka lura, wani kayan da ke cikin injinka yana ɗauke da haruffan wani samfurin dabam, saboda kamfani ya ara daga can. Wannan alheri ne gare ka, domin yana nufin abin da ka rasa yana cikin wani injin da ya fi naka yawa a gari.

Idan Johnson ko Evinrude ne, shekarar tana ɓoye cikin lambar samfurin. Daga 1980 kamfanin OMC, mai ƙera su, ya yi amfani da haruffan INTRODUCES a madadin lambobi: I ɗaya, N biyu, T uku, haka har E tara, S kuma sifili. Haruffa biyun da ke gab da na ƙarshe su ne shekarar, ke nan CT na nufin 83, wato 1983. Idan allon ya faɗi, duba jikin bulo ɗin injin, akwai wani ƙarfe zagayayye kamar kwabo da aka buga lamba a kai. Ka san da cewa OMC ya durƙushe a ƙarshen 2000, kamfanin Bombardier na Kanada ya saye sunayen a 2001, aka daina yin Johnson a 2007, Evinrude kuma a 2020. Duk da haka ƙananan injunansu na shekarun 1950 zuwa farkon 1970 kwayil da kwandensa kusan iri ɗaya suke amfani da su, kuma har yau ana ƙera sababbi.

Kada fenti ya ruɗe ka. Murfin inji yana yawo daga wannan zuwa wancan, musamman a bakin ruwa inda ake haɗa inji ɗaya daga gawar injuna uku. Har sunan kamfani ma ba koyaushe yake faɗin wanda ya ƙera ba. Ƙananan Mariner na shekarun 1970 zuwa farkon 1990 Yamaha ce ta yi su a Japan, kuma za ka tarar da haruffan nan uku na Yamaha a allonsu. Injin Nissan na ruwa Tohatsu ne da wani fenti, haka ma ƙananan Mercury da yawa na baya-bayan nan. Mutum zai yi wata da watanni yana cigiyar kayan Mariner, alhali suna rataye a shagon mai kayan Yamaha a unguwarsu.

Sai ka samu littafin kayan gyaran samfurinka, mai zanen inji a warwatse da lamba a kan kowane ƙarfe. Rubuta sunan samfurin a intanet za ka same shi. Shafukan Amurka sau da yawa ba sa nuna Enduro, wato Yamaha irin su E40X, tun da ba can aka fi sayar da ita ba, sai ka nemi na dillalan Japan. Daga nan ka daina neman kaya da suna, da lamba za ka nema.

Yanzu ka kwance injin gaba ɗaya kafin ka tafi kasuwa, ba rabi ba. Ka jera komai a kan buhu, ka raba gida uku: abin da sai an sayi sabo, abin da na hannu zai yi, da abin da ba sai na inji ba.

Kashi na ukun nan shi ne inda ake rage kuɗi sosai. Boris da sil da zoben roba yawancinsu awon duniya ne. Sil yana ɗauke da lambobi uku a jikinsa, faɗin ciki da na waje da kauri a milimita, boris ma da lambarsa. Mai sayar da boris na mota ko na injin ban ruwa a Ƙofar Ruwa a Kano zai iya ba ka irinsa. Abu ɗaya, sil ɗin da ke ƙasan ruwa dole waya mai naɗe da ke cikinsa ta zama wadda ba ta tsatsa. Borisan cikin karanshaf kuwa ban yarda a sa madadinsu ba, a nemi nasu. Fulogi ma ba abin wahala ba ne, NGK B7HS da B8HS suna nan a kasuwa. Gaskit na takarda ana yanka shi da hannu, ban da na kan silinda. Noti kuma a kula: na Japan awon milimita ne, na tsohon Johnson awon inci, British Seagull na Ingila kuwa haƙoran Whitworth gare shi, wani awo dabam. Wanda ya tilasta noti cikin alminiyam ya ɓata bulo.

Roba kuwa sabuwa kawai. Ko an nuna maka robar fanfo ta ainihi cikin kwalinta, in ta shekara ashirin a kan kanta ta bushe, za ta karye cikin fanfo ta toshe hanyar ruwa, inji ya yi zafi ya kama. Ruwan Kwara da na Binuwai yashi gare su, saboda haka ka canja ta tare da farantin da take gogawa a kai, ka sayi biyu.

Ga ƙarfen da aka daina yi, kamar giya, karanshaf, kafireta ko ƙafar inji, babu abin da ya kai ka sayi mataccen inji irin naka ka cire. Sau da yawa ya fi araha a kan ƙarfe biyu da za a aiko maka daga waje. Ka sa cigiya wurin makanikan bakin ruwa da 'yan gwangwan, domin su ne ke saye don alminiyam, kuma idan ka makara sun narkar. Ni dai na fi son gawar da ta yi aiki a ruwan daɗi, ta Yawuri ko ta Tafkin Chadi, a kan ta Legas ko Fatakwal. Gishiri yana manne noti da alminiyam har sai ya karye. Kafin ka biya, ka juya injin da hannu ka ji ko yana matsa iska, ka kwance notin man giya. In man ya fito fari kamar madara ruwa ya shiga, in da ɓarɓashin ƙarfe giyar ta ci kanta. Ka ƙirga haƙoran giya da na sanda ka gwada da naka. Giya kuma da abokiyarta ake saye, ba a haɗa tsohuwa da baƙuwa. Fistin ka duba kansa, in an buga 0.25 ko 0.50 to na silindar da aka faɗaɗa ne.

Kayan China na Parsun da Hidea kwafin Yamaha ne, kuma da yawa daga kayan Parsun T15 suna shiga 15F. Igiyar tayarwa, murfi, farfela, duk na yarda. Giya da akwatin wuta kuwa gara na ainihi ko da na hannu ne.

In duk an rasa, sai odar waje. A eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka rubuta lambar kawai, ka nemi hoton kayan kusa da ma'auni, ka haɗa komai a aiko sau ɗaya saboda kuɗin jirgi da na kwastan kan fi kuɗin kayan. In daga Legas ko Onica za a ɗoro maka a mota, ka tura tsohon ƙarfen da ɗan aike a gwada a gabansa kafin a biya. Bushi da fil da ƙananan sanduna kuma masu injin sassaƙa ƙarfe a Panteka ta Kaduna za su fitar maka, muddin ka kai musu tsohon su auna.