Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama Na Roba A Yi Masa Fenti

Jiragen nan da ake gani a kan tebur ko cikin shokes, 'yan ƙanana amma komai nasu sak na gaske har da kujerar matuƙi, ba a haɗe ake sayen yawancinsu ba. A kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, kai za ka yanka ka manna ka yi fenti. Kamfanonin da suka yi suna a harkar su ne Airfix na Ingila, Revell, Italeri na Italiya, sai Tamiya da Hasegawa na Japan.

Farko dai ka gane lambar da ke jikin kwalin. In ka ga 1/72 to an rage girman jirgin gaske sau 72 ke nan, 1/48 ya fi shi girma, 1/32 kuwa sai mai fili a ɗaki da kuɗi a aljihu. Ni dai shawarata ɗan koyo ya fara da Spitfire a 1/72, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, a hannunka kuma zai dawo santimita 15 da ɗoriya. Kayan cikinsa ba yawa, kuma Airfix na yin wani kwali na masu farawa da ke zuwa da gam da burushi da 'yan fenti a ciki.

Kayan aiki ba sai ka kashe kanka ba: sabuwar reza, abin yankan farce, samfefa mai laushi sosai, tsinken sakace, kyauro, matsefin shanya, salatif na takarda, burushi ƙarami da matsakaici.

Ka fara da wanke robar da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, saboda wani lokaci akwai maiƙon masana'anta a jiki wanda ke hana fenti kamawa. In ta bushe sai ka buɗe takardar umarni ka karanta ta har ƙarshe kafin ka taɓa komai. Kowane gutsure yana manne da sandar roba da lambarsa a gefe, don Allah kar ka murɗe shi da hannu, yanke shi za ka yi ka goge wurin da samfefa, kuma kar ka cire su duka lokaci ɗaya don lambar a jikin sandar take, in ka zube su a tire ka shiga uku wajen gane wanne ne na dama wanne ne na hagu.

Wajen zaman matuƙi shi ake fara yi, da fentinsa da komai, tunda da zarar ka rufe gangar jikin jirgin burushi ba zai ƙara shiga ba. Na Spitfire kore ne mai ɗan toka-toka, a lambobin fentin kamfanin Humbrol lamba 78 ne, allon agogo kuma baƙi.

To maganar gam, nan ne yawancin mutane ke lalata aiki. Gam ɗin wannan harkar narka robar yake yi ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo kaɗan ya isa, da bakin tsinke ma za ka shafa. In ya yi yawa ya tsattsafo waje kuma ka ɗora yatsa a kai, shi ke nan zanen yatsanka ya zauna a jikin jirgin. Kafin ka sa gam ko'ina ka gwada haɗa su a bushe ka ga sun zauna daidai, sannan ka manna ka ɗaure da kyauro, fukafukai kuma ka matse da matsefin shanya. Ka leƙa jirgin ta gaba ka tabbatar fiffike ɗaya bai fi ɗaya ɗagawa ba. Sufa gulu kuwa kar ya kusanci gilashin saman matuƙi, tururinsa mayar da shi fari yake yi kamar hazo, farin gam na kafintoci shi ne daidai a wurin don in ya bushe ba a ganinsa.

Wani abu da ake mantawa: jiragen da tayarsu ta uku ke gaba, irin Alpha Jet da sojojin saman Najeriya ke amfani da shi, sai an cusa ɗan nauyi a hanci kafin a rufe, ko noti ko guntun dalma, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan jela hanci a sama. Spitfire ba ruwansa da wannan, tayarsa ta baya a jela take.

Washegari ka duba layin da ɓangarori suka haɗu. In akwai rami a cike da fila, irin yadda masu gyaran jikin mota ke yi, a goge har ya zama farce ba ya jin komai.

Sai fenti. Akwai na ruwa wato akirilik, akwai na mai da ke buƙatar tina, ga ɗan koyo na ruwan ya fi sauƙi, ba wari kuma yana saurin bushewa. Ka rufe gilashin da salatif, ka sa firaima mai toka, wato shafin share fage kafin ainihin fenti, in kana da ita. Sirrin kawai shi ne a tsinka fentin, shafi na farko zai fito da muni har ka ji kamar ka jefar da jirgin, kar ka damu kuma kar ka ƙara kauri, bar shi ya bushe ka sake na biyu da na uku. Fenti mai kauri cike 'yan layukan jikin jirgin yake yi, kuma su ne kyan abin. A fara da launi mai haske: ƙasan Spitfire na 1940 lamba 90 a fentin Humbrol, saman ruwan ƙasa lamba 29, sannan ka zana dabbare-dabbaren ɓad-da-kama da fensir ka cike da kore lamba 30. Lokacin hunturu ƙura ce babbar matsala, don haka da ka gama shafi ka kife shi da roba ko kwali, kuma kar ka ce za ka shanya a rana don ya yi sauri, zafin zai iya lanƙwasa fukafukan.

Tambura da lambobin jirgin a takarda suke zuwa. Kafin ka sa su ka shafa banish mai sheƙi, don a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙasa gefen ya yi fari-fari. Ka yanki ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, ka ajiye har ya fara zamewa, ka tura shi daga takardar zuwa jikin jirgin da jiƙaƙƙen burushi, ka danne da auduga a hankali.

Bayan kwana ɗaya sai banish marar sheƙi, tunda jirgin yaƙi ba ƙyalli yake ba. Mai so zai iya kankare bakin fensir ya shafa garin bayan salansa ya zama kamar hayaƙi, amma kaɗan fa. Farfela da tayoyi da eriya su ne na ƙarshe saboda saurin karyewa, sannan a ɓare salatif ɗin gilashi.