Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara yin tunani da kansu

Wanda ya fi yawa dai shi ne malam ya rubuta tambaya a allo ya juyo ya ce "ku yi tunani mana!" shikenan wai ya koyar. To ta yaya za su yi, bayan ba su taɓa ganin yadda ake yi ba? Kai ka zauna a gida da daddare ka fafata da lissafin nan, ka ɓata ka goge ka sake, da safe ka zo ka jera shi tsaf a allo, yaro ya ɗauka haka amsa take faɗo wa masu ƙwaƙwalwa, shi ne dai daƙiƙi. Gyaran shi ne ka warware a gabansu kana faɗin abin da ke ranka a fili, yadda bakanike yake yi da yaronsa in babur ya ƙi tashi: mu fara duba mai, akwai, to fulogi fa, in ba shi ba sai kafireta. Ka bari su ga ka kama hanyar da ba ta ɓulle ba ka dawo, ba zubar da girma ba ne wallahi.

Sai dabarar nan ta "in ka ga jimla ka tara, in ka ga saura ka ɗebe". Tana cin jarabawar aji, amma yaro daina karanta tambaya yake yi. A Grenoble ta ƙasar Faransa wajen 1980 an tambayi 'yan firamare: jirgin ruwa ya ɗauko tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Yawancinsu lambobin suka yi wa lissafi suka ba da amsa, irin su 36. Gwada a ajinka ka sha mamaki. Kafin kowa ya taɓa biro, a sa yaro ya maimaita tambayar da Hausarsa, me aka ba mu, me ake nema, kuma lokaci-lokaci ka jefo musu wadda ba ta da amsa ko mai lambar da ba a buƙata.

Gaggawa ma tana kashe mu. Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi a Amurka, ta auna ta ga malamai kamar sakan 1 suke jira bayan tambaya, in aka kai sakan 3 amsoshin sun fi tsawo kuma masu shiru ma suna sa baki. Mu kam sarkin aji na ɗaga hannu an wuce wurin. Na san aji ya cika, manhaja ba ta ƙare ba ga WAEC da NECO na tafe, amma sakan 3 ba shi zai hana ka gamawa ba.

In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba kar ka bari a yi masa dariya, balle bulala. Ce masa "ya aka yi ka samu wannan?" sau da yawa rabin hanyarsa daidai ne, ka ba shi makin rabin.

Wasu kuma sun zarce, wai hadda ce matsalar a daina ta gaba ɗaya. A'a. Yaron da bai riƙe 7 sau 8 ba, ƙarfinsa a ƙirgen yatsu zai ƙare kafin ya kai ga ainihin tambayar. A haddace ɗin, sannan a ba shi tambayar da ba ta cikin tsofaffin takardun jarabawa, in ya gama a ce ya nemo wata hanyar ta biyu.