Yadda Za Ki Gane Jan Farcen da Ba a Gwada a Kan Dabbobi Ba

Kalmomi biyu ne ake yawan bugawa a jikin kwalbar jan farce, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Idan aka rubuta "cruelty-free", ana nufin ba a gwada kayan a kan dabba ba, idan kuwa aka rubuta "vegan", ana nufin babu wani sinadari a ciki da aka samo daga jikin dabba. Kwalba tana iya cika sharaɗi ɗaya ta gaza ɗayan, don haka kowanne sai an duba shi daban.

Ki fara da juya kwalbar ko kwalinta, ki karanta jerin sinadaran, ko da rubutun ya yi ƙanƙanta har sai kin ɗauki hotonsa da waya kin ƙara girmansa. Lamba ta farko da za ki nema ita ce CI 75470, wadda ake kira carmine. Jan launi ne da ake samu ta hanyar busar da wani ƙaramin ƙwaro da niƙe shi, ƙwaron da ke rayuwa a jikin wani tsiro mai ƙaya, kuma ƙasar Peru ce ta fi samar da shi. Ta biyu ita ce CI 75170, wato guanine, wanda ake cirowa daga ɓawon jikin kifi domin farce ya riƙa ƙyalli kamar lu'ulu'u. Akwai kuma shellac, ƙaron da wani ƙwaro yake fitarwa a Indiya da Tailan. Masu guje wa waɗannan sukan maye gurbinsu da mica, wani ma'adini mai ƙyalli, da launukan da aka haɗa a masana'anta.

Batun gwaji ya fi wuyar ganewa, domin jerin sinadarai ba ya nuna shi. Tun 1944 aka fito da gwajin Draize a Amurka, inda ake ɗiga sinadari a idon zomo ko a shafa a fatarsa, a jira a ga irin lahanin da zai yi. Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi daga watan Maris na 2013, Indiya ta hana shigo da irinsu a 2014, ita kuwa Sin ta sassauta wajabcin gwajin a 2021 ga kayan kwalliya na yau da kullum da ake shigar mata, bisa wasu sharuɗɗa. A Amurka babu dokar tarayya da ta fayyace ma'anar "cruelty-free", saboda haka kowane kamfani yana iya buga kalmar, har ya zana ɗan zomo a gefenta.

Wannan ne ya sa, a ganina, hoton zomo kaɗai bai isa hujja ba. Ki nemi tambarin Leaping Bunny mai hoton zomo yana tsalle, wanda masu ba da shi suke bin diddigi har zuwa kamfanonin da ke sayar wa masana'anta sinadarai, ko tambarin fure na ƙungiyar Vegan Society, sannan ki shiga shafinsu na intanet ki rubuta sunan kamfanin. Idan sunan bai fito ba alhali tambarin yana jikin kwalbar, ki mayar da ita inda kika ɗauko.

Wadda duk wannan binciken ya yi wa yawa tana da lalle, wanda ganye ne zalla kuma ba ya hana ruwan alwala isa ga farce, sai dai ta guji baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rini na PPD, domin yana iya ƙona fata.