Yadda na rage hayaƙin janareta a shagona na Agege

Ni tela ne a Agege. A 2021 gwamnatin Legas ta fitar da tsarinta na sauyin yanayi, da burin cewa nan da 2050 iskar da jihar ke fitarwa mai ɗumama duniya ba za ta wuce wadda ake iya shanyewa ba. Gari ne a bakin teku, teku kuma tasowa take, duk wanda ya ga yadda ruwa ya cinye Bar Beach ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a lissafinsu, fiye da rabin hayaƙin daga wutar gidaje da shaguna da masana'antu yake fitowa. Janaretocinmu na ciki. Litar fetur ɗaya in ta ƙone, sai ta saki kusan kilo 2.3 na wannan iskar.

Ɗan'uwa, kada ka fara da sayen sola. Ɗauki biro ka zagaya shagonka, ka rubuta wat ɗin da ke jikin kowane kaya da awa nawa yake aiki a rana. A nan na gano ɓarnata: motar keken ɗinkina ta tsohon yayi ce, juyawa take ko da ina yanka yadi. Na sauya ta da irin wadda ake kira servo, wadda ba ta motsi sai ka taka. Cin wuta ya ragu, ƙara ma ta ragu har ina jin kiran salla. Ƙwayayen fitila na mai da su LED, fanka na sayi mai caji.

Dutsen guga shi ne babba. Yakan ci wat dubu ko fiye, kada ka ɗora shi a kan batir. Tara gugarka sai an kawo wuta. Na gawayi kuma ba mafita ba ne, bishiya aka sare.

Sai ka gama wannan za ka kira mai haɗa sola, ka nuna masa takardarka, ya auna maka faranti da batir da inbata (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida) daidai bukata. Nemi izinin mai gida kafin a hau rufi. A ɗan karkata farantin don ruwan sama ya riƙa wanke shi, lokacin hunturu kuma ka goge ƙura duk mako. Ka sa a ranka a Yuni da Yuli hadari kan rufe rana, don haka batir ya ɗan fi lissafinka. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi daɗewa, ni da kuɗin adashi na saya. In batir ya mutu, mayar wa masu karɓarsa, kada ya shiga kwata.

Zuwa sayen yadi kuwa, tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara aiki a 2024, a tashar Agege nake hawa da katin Cowry in sauka Oyingbo, daga nan in ƙarasa kasuwar Balogun.

Janaretan na nan a lungu. Makon Sallah kaɗai nake tayar da shi, in aiki ya kai mu asuba.