Yadda ake koyar da ɗalibin da ya fara iya hawan doki

Sabon shiga ba ya ba malamin hawa wahala, domin tsoro na riƙe da shi, abin da aka ce ya yi shi zai yi. Mai sa mutum zufa shi ne yaron da ya yi wata 5 ko 6 yana hawa, ya iya ɗarewa sirdi ba a tallafe shi ba, ya taɓa sakin doki sau biyu bai faɗi ba. A ganinsa ya gama, saura a naɗa masa rawani ya bi ayarin hakimi zuwa fadar Sarkin Musulmi ranar Sallah. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan harka doki ke fara shan wuyarsa, a baki da gadon baya. Ga yadda nake bi da irin waɗannan ɗalibai a nan Sakkwato.

Mataki na farko, ka mayar da shi barga. Ya zo bayan sallar Asuba, kuma kada ya taɓa sirdi sai ya duba dokin ya faɗa maka abin da ya gani. Ya cinye abincin daren jiya? Ya sha ruwa? Kashinsa yadda ya saba yake, ko ya bushe? Sannan ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya ya kwashe ƙasa da tsakuwar da suka maƙale a kofato, ya bi gadon baya da tafin hannu ko akwai kumburi ko wurin da dokin ke noƙewa, ya leƙa ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne saboda kaska. Akwai alƙaluma kaɗan da nake sa kowa ya haddace. Lafiyayyen doki da ke hutawa zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, yana numfashi sau 8 zuwa 16, zafin jikinsa kuma tsakanin digiri 37.5 da 38.5 ne. Ana jin bugun ne a jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙi: ya ɗora yatsu, ya ƙirga na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4. Ka kuma nuna masa yadda ake mintsinar fatar wuya a sake ta. In ta koma nan take, ruwan jiki ya wadata. In ta tsaya a tattare, ranar babu hawa.

Mataki na biyu, ya ɗaura sirdi da hannunsa kana tsaye. Shimfiɗar ƙarƙashin sirdi ta zama busasshiya, babu yashi, babu ninki, domin ninki ɗaya kan buɗe gyambon da zai hana hawa na makonni. Majayi kuma, wato abin da ke ɗaure sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, ba a ɗaure shi tamau lokaci guda. A ja kaɗan, a zagaya da dokin, a ƙara ja, a sake dubawa bayan an hau.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma nan ɗalibai ke fara ɓata rai: ka karɓe masa linzami. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai, ɗan motsin yatsa ma doki na jin sa. Yaron da zamansa bai kafu ba kuwa, da ya ji zai karkace sai ya damƙe linzami ya mai da shi abin dafawa. Na ga sakamakon haka a kan wata godiya tawa, wato macen doki, mai sanyin hali. Na yi gaggawar barin wani ɗalibi ya sake ta a fili, ya tsorata, ya finciko da hannu biyu. Da ya sauko, kumfar bakinta ta koma ja, gefen leɓenta ya tsage. Ya ce, “Malam, wallahi ban ja da ƙarfi ba.” Na san gaskiyarsa yake faɗa, bai san ya ja ba. Laifin nawa ne. Sama da wata guda godiyar nan da ta hango linzami sai ta ɗaga kai sama.

Tun daga ranar nake fara wannan mataki da ragama, wadda ba ta da ƙarfe a baki, da doguwar igiya. Ina tsakiya riƙe da igiyar, dokin na zagaye ni a fili mai laushin ƙasa, ɗalibi na bisa, hannayensa a kan cinya. Ya miƙe baya, ya saki ƙugu ya bi motsin dokin, ido a gaba, dunduniya ta ɗan yi ƙasa. In ya zauna daidai, sai ya zare ƙafafu daga likkafa a ci gaba da tafiya, daga baya a shiga sassarfa. Ana juya zagayen hagu da dama, kada gefe ɗaya na dokin ya gaji. Wasu mako 2 ya ishe su, wasu sai sun yi wata, ni dai ba na mayar wa kowa linzami sai ya iya buɗe hannayensa biyu cikin sassarfa bai lalubi ƙwacciyar sirdi ba. Hular kwano dole ce a wurina ko da yaro zai ce abokansa na masa dariya. Rawani ado ne, ba ya kare kai daga faɗuwa.

Mataki na huɗu, a dawo da linzami a koyi sauya tafiya. Ka sa ya saurari ƙarar kofato: tafiya bugu 4 ce, sassarfa bugu 2, ƙaramar sukuwa bugu 3. Ya tashi daga tafiya zuwa sassarfa, ya dawo tafiya, ya tsaya, sau da yawa a jere. Umarni daga zama da ƙafa yake farawa, hannu ne na ƙarshe, kuma da dokin ya amsa a sassauta masa nan take, domin sassautawar ce ke gaya masa ya yi daidai. Kafa duwatsu ko tsofaffin tayoyi ya riƙa saƙawa tsakaninsu don koyon juyi. Kaimi kuwa a ajiye shi tukuna. Cikakkiyar sukuwa da zamiya, wato tsayar da doki kwatsam yana cikin gudu, waɗanda su yake ɗoki, su ne na ƙarshe, a kan yashi, ba a kan kwalta ba, kuma ba kullum ba, saboda zamiya na cin gaɓoɓin ƙafafun baya.

In yana da burin hawan Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin ranar a riƙa fita kilisa cikin ayari, a saba wa doki da mahayi ƙarar tambari da algaita da babura da cunkoson jama'a. Ya koyi barin tazarar tsawon doki guda tsakaninsa da na gaba, kada dokin gaba ya harbe su da ƙafa.

Mataki na ƙarshe yana farawa ne lokacin da ɗalibi ke ganin an tashi. Ba a dawowa barga da gudu. Minti 10 na ƙarshe tafiya ce, sai ya sauka ya sassauta majayi, ya ja dokin har numfashi ya lafa, ya cire sirdi, ya wanke zufa, ya sake duba baya da baki. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, darasi ya ƙare kafin hantsi ko a bari sai bayan La'asar, turke kuma ya zama a inuwa. Doki kan sha lita 25 zuwa 50 a yini, a bazara ya fi haka. Harawa da ciyawa su ne tushen abincinsa. Gero ko dawa da dusa ƙari ne gwargwadon aiki, a raba su sau 2 ko 3 a yini, kuma a jira kamar awa guda bayan hawa kafin a zuba. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar da shi. Canjin abinci kuma a yi shi sannu a hankali cikin mako guda.

Ka bayyana wa ɗalibi dalilin wannan tsantseni: doki ba ya iya amai, don haka abin da ya ɓata masa ciki na iya kashe shi. Ya san alamun ciwon ciki tun da wuri. Dokin zai ƙi abinci, ya riƙa waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana kwanciya yana tashi ko birgima. Da ya ga haka ya janye abinci, ya kira ka, a nemi likita, kada ya tsaya ɗura masa jiƙe-jiƙe. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a nan garin, kuma lambar likitan da ke duba dokinka ta kasance a wayar kowane ɗalibi tun makon farko.