Idan tayar motarka da aka ƙara wa tsayi tana guga: matakan sa faifan tazara

Kafin ka sayi komai, gano inda tayar take guga. Shafa alli a jikin tayar, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, sannan ka hau da taya ɗaya kan tudu don motar ta karkata. Duk inda allin ya goge, nan ne matsalar.

Nan mutane da yawa ke kuskure. Faifan tazara, wato sifesa, da ake sawa tsakanin rim da cibiyar da taya ke zama a kai, yana turo tayar waje ne. Idan gugar ta ciki ce, a jikin shasi ko ƙarfen da ke riƙe da taya, zai taimaka. Idan kuwa bamba ko bakin madigadi take ci, ƙara mata zai yi, sai dai a datse wurin da take ci.

In ka tabbatar ta ciki ce:

1. Auna tazarar da kake buƙata, ka zaɓi faifai mafi siranta da zai wadatar. Mai kauri yana ɗora wa boris nauyi. Ramin tsakiyar faifan ya zauna daidai kan cibiyar, ba ya rawa.
2. Ɗaga motar da jak, ka tokare ta, ka cire taya, ka kankare tsatsa.
3. Sa faifan. Duba kada tsofaffin kusoshin su leƙo su hana rim kwanciya.
4. Ɗaure notunan faifan, sannan ka mayar da taya ka ɗaure nata, duk a gicciye da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta.

Ɓangarorin biyu ka yi musu iri ɗaya. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 150, cire tayar ka sake ɗaure notunan faifan, don sukan saki.