Yadda ɗan Katolika zai zauna da maƙwabcinsa Musulmi ba tare da ya ɓoye bishara ba

Ranar Lahadi bayan an tashi daga Mas, wato sujadarmu ta Katolika, wani yaro cikin 'yan kwayarmu masu waƙa a coci ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce Baba Katikis wai tunda Fafaroma na shiga masallaci yana rungumar limamai, mu kenan mu daina wa'azi ko? Na ce masa a'a. Ya ce toh in ba a daina ba, ashe duk wannan zumuncin dabara ce kawai ta jawo Musulmi? Na ce nan ma a'a. Yaron ya tsaya yana kallona kamar na raina masa hankali, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake yi, dan na san ba shi kaɗai ne abin ke damu ba.

Ka fara da sanin abinda Ikilisiyarka ta faɗa da bakinta, dan da yawanmu a Facebook muke ɗaukar karatu. A ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron Batikan na biyu ya fitar da takardar nan Nostra Aetate, zamanin Fafaroma Paul na shida, kuma a sashe na 3 an ce Ikilisiya tana ganin girman Musulmi, suna bauta wa Allah ɗaya mai rai mai jinƙai, suna girmama Yesu a matsayin annabi duk da ba su ɗauke shi Allah ba, suna darajanta Maryamu, suna sallah da zakka da azumi. Saboda haka duk ɗan Katolikan da ka ji yana cewa wai wani Allah daban suke bauta wa, toh ra'ayinsa ne, ba koyarwar coci ba. Kuma abin bai yi nisa da mu ba, ofishin Batikan mai kula da hulɗa da sauran addinai ɗan Najeriya ne ya riƙe shi daga 1984 har 2002, Kadinal Francis Arinze, ofishin da tun 1967 yake aika wa Musulmin duniya saƙon barka da azumi duk shekara. Amma Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya kuma shiga masallacin Umayyawa na Dimashƙa a 2001, shi ɗin dai ne ya rubuta a 1990 cewa tattaunawa da sauran addinai ba ta ɗauke mana nauyin shelar Almasihu ba, sai dai Ikilisiya tayi take yi, ba ta tilasta wa kowa.

Toh a aikace fa? Ka zama maƙwabci tukuna. Wata takardar Batikan ta 1991 ta kasa tattaunawa gida huɗu, akwai ta zaman yau da kullum, ta aiki tare, ta malamai masana, da ta musayar abinda kowa ya ɗanɗana a ibadarsa, kuma gaskiya irinmu talakawa biyun farko ne rabonmu, sauran a bar wa waɗanda suka yi karatun. In an yi haihuwa ka je barka ka je suna, in an yi rasuwa ka je ka zauna a tabarma ka ce Allah ya ba da haƙuri, kar ka tsaya daga nesa kamar baƙo. Ni maƙwabcina mai sayar da hatsi duk Babbar Sallah sai ya aiko yaro da naman layya a kwano, muna karɓa mu ci, ba abinda coci ta hana a ciki. Ranar Kirsimeti kuwa da sassafe nake kiransa ya zo da wuƙarsa ya yanka mana akuya da kaji da hannunsa, matata ta ware tukunyar da ba a taɓa sa naman alade a ciki ba, dan in shinkafa ta shiga gidansa su ci hankali kwance. Ƙaramin abu ne amma shekara da shekaru shi ya riƙe mu. In kana son ganin babbansa ka dubi Yola, inda Bishop Stephen Dami Mamza ya gina wa 'yan gudun hijirar Boko Haram gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya gina coci, ya kuma gina masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu, aka buɗe a 2021. Wasu Kiristoci sun yi ta gunaguni, shi dai ya gina.

Sai dai a nan ne ake zamewa. Kar ka yi alheri da ƙugiya a ciki. Wannan taron Batikan ɗin dai ya hana a tilasta wa mutum shiga addini ko a ja shi da dabarar da ba ta dace ba, saboda haka buhun shinkafa ko kuɗin makaranta da sharaɗin a zo coci haramun ne a wurinmu, kuma mutane ba wawaye ba ne, ranar da maƙwabcinka ya gane cewa gaisuwar da kake masa tarko ce ka rasa shi ka kuma ɓata wa sauran Kiristocin unguwar suna. Ɗaya gefen kuma kar ka ɓoye kanka. Rosari ɗinka na wuya, wato carbin addu'armu, ka bar shi, in za ka ci abinci a gabansa ka yi alamar gicciye yadda ka saba, in ya ce ina za ka ka ce coci. Waliyyi Francis na Assisi, wanda ya tsallaka fagen yaƙi ya je wurin Sarki al-Malik al-Kamil a Masar a 1219, abinda ya bar wa almajiransa kenan, su zauna cikin Musulmi ba gardama ba jayayya, su dai bari a san su Kiristoci ne, sai in sun ga Allah ya buɗe ƙofa sannan su yi shela.

Kuma ƙofar tana buɗuwa, yawanci ma su ne za su tambaye ka. Wata rana a teburin mai shayi wani direba ya juyo ya ce min, Malam dan Allah wai ku Allah uku kuke bauta wa, kuma yaya za a ce Allah ya haihu? Kowa ya ajiye kofi. In ta same ka haka kar ka ɗaga murya, ka fara da cewa Allah ɗaya ne, mu ma a nan muka tsaya, wanda ya ce uku ya bar addinin Kirista. Maganar Ɗa kuwa na ce masa in mun ce ɗan gari ko ɗan kasuwa ai ba wanda ke tunanin gari ya yi aure, mu ma ba haihuwa ta jiki muke nufi ba, muna nufin Kalmar Allah da take tare da shi tun fil azal ita ce ta zama mutum. Misalin bai kai ba, na sani, amma yana cire wancan tunanin da ke sa su toshe kunne. Bai yarda ba, ni ma ban sa ran zai yarda a kan biredi da ƙwai ba, amma ya ce yau ya ji daga bakin mai abin. Inda kuma muka rabu ka faɗa ƙarara, mu mun gaskata an gicciye Yesu ya mutu ya tashi, su Alƙur'ani ya ce musu ba a gicciye shi ba, kar ka murɗe ayarsu dan ta yi daidai da taka, kai ma ba ka so a yi wa Littafi Mai Tsarki haka.

Maganar Annabi Muhammadu kuwa, bakinka da ladabi ko ka yi shiru, a fili da a guruf ɗin WhatsApp duka. In aka matsa maka aka ce ka yarda shi annabi ne, ka ce da na yarda ai da ni Musulmi ne, amma ba zan taɓa zagin wanda kuke ƙauna ba, shi kenan. Ko Fafaroma Benedict da duk iliminsa, magana ɗaya da ya ɗauko daga bakin wani tsohon sarkin Rumawa a laccarsa ta Regensburg a 2006 ta tayar da ƙura a duniya har sai da ya fito ya nuna takaicinsa, balle kai da ke zaune a Sakkwato ko Kano, kuma duk mun ga abinda ya faru a Sakkwato a Mayun 2022, da aka kashe ɗalibar nan Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci ga Annabi. Kisa ba shi da hujja ko kaɗan, wannan ba gardama, amma kai ma ba a aike ka tsokana ba.

In kuma wani ya zo da kansa ya ce yana son ya san Yesu, kar ka yi rawar kai. Kar ka ɗau hoto, kar ka ba da shaida da sunansa a taron addu'a, ka kai shi wurin Fada, wato limamin cocinmu, a natse. Mu ba ma baftisma yau-yau, akwai ajin koyo da kan ɗauki shekara ko fiye, galibi a daren Ista ake yi, kuma a faɗa masa gaskiya tun farko cewa zai iya rasa gado, ko aure, ko a kore shi daga gida, a tambayi kai ma ko coci ta shirya riƙe shi in hakan ta faru. Yaro ƙarami kuwa ba a taɓa shi a bayan idon iyayensa. Sannan wannan 'yancin da muke nema musu, ranar da ƙanwarka ta ce za ta musulunta shi za ka ba ta. Mu a gidanmu ɗan wana ne ya musulunta, uwarsa ta yi kuka har ta gaji, amma da matarsa ta haihu mu muka cika motar zuwa suna, ni na riƙe ƙafar ragon.